Sun yi wa Gwaggo addu'ar mamata tana zaune

"Mu ɗaga hannu mu yi wa marigayiya Gwaggo Talatu addu'a, wadda ta kafa mana wannan ƙungiya."

Haka sabuwar shugabar ta faɗa jiya a lasifika, alhali Gwaggo, ƙanwar babana, tana zaune kusa da ni a kujerar baya. Ni na kawo ta daga Dutse Alhaji.

A tsakar gidanta aka fara ƙungiyar nan ta matan gargajiya, ita ta koya musu kiɗan ƙwarya da waƙoƙin biki. Da ƙafa ta hana ta fita, taron ya koma otal, ba wadda ta sake leƙo ta.

Na zabura zan yi magana, ta riƙe mini zane.

"Gwaggo, cewa fa suka yi kin mutu!"

"Zauna, 'yata. Shekara da shekaru ko gaisuwa ban samu ba. Yau da na samu addu'a za ki hana ni?"

Ta shafa, ta ce amin.

Har yanzu raina a ɓace yake. Ku gaya mini, sai mutum ya mutu yake da daraja a wajenmu?