Ranar da Motar Yaya Ta Sha Man Gyaɗa

Matameye, biyar da minti arba'in na asuba

Muna sallame salla muka tashi, ni da Ilu direba, a tsohuwar a-kori-kurar yayana Sale da ke cin rani a Kano. Shekarar nan ce da sojoji suka karɓi mulki, rumbuna kuma suka ƙare tun kafin bazara. Shekaranjiya ruwan farko ya sauka a ƙauyenmu, gabas da Ɗan Barto, amma irin shuka an riga an cinye shi. Buhu biyu na irin gero muka ɗauko. In bai shiga ƙasa yau ba, laima ta tafi, shekara ta bi ta. Akwai kuma jarkar man gyaɗa, lita huɗu, da matata Hajara ta matse daga ragowar gyaɗarmu don Inna, mahaifiyata.

Laifin abin da ya biyo baya nawa ne, gara in faɗa. Yaya ya aiko da galan na man inji irin na zamani, sintetik, garau kamar ruwan shayi. Jiya na tsare Ilu sai ya juye baƙin mai mai kauri da motar ta saba sha, ya zuba wannan.

"Malam Hamisu, tsohuwar motar nan ba ta san shi ba fa," in ji Ilu.

"To ta koya," na ce. Wai ni malamin makaranta.

Shingen sojoji, shida da minti ashirin

"Gero, kuma kun nufi iyaka?" in ji wani soja.

"Iri ne, shef, na gonar tsohuwata," na ce wa sojan.

Ya damƙo hannu guda, ya duba, ya mayar. Har ya ɗaga mana hannu, sai ya duƙa.

"Kai direba, motarka fitsari take yi?"

Innalillahi! Mai ne ke ɗiga ɗis-ɗis, ya ja layi a kwalta iyakar ganina. Ilu ya shiga ƙarƙashi, ya fito fuska a murtuke. Ya ce dattin tsohon mai ne ya toshe duk wata kafa ta injin shekara da shekaru, sabon ya wanke shi tas ya sami hanya. Muka ƙara ragowar galan ɗin. Bai ce mini "na gaya maka" ba, kuma wallahi da ya faɗa ya fi mini sauƙi.

Ɗan Barto, bakwai da kwata

Muka zagaye tasha neman baƙin mai. Rumfuna duk a rufe, ko mai shayi babu. Kowa ya tafi shuka.

Hanyar rairayi, takwas da minti biyar

Saura kilomita shida jar fitilar man inji ta kama. Ilu ya kashe mota nan take. Rana ta ɗaga, saman ƙasa ya fara yin fari, ba amalanke ko ɗaya a hanya. Sai na ga yana kallon jarkar Inna.

"Kai, Ilu! Ka haukace? A shekarar nan?"

"Zai kai mu, Malam. Ko mai, ko iri. Zaɓi."

Ni na kwance murfin da hannuna. Ina ji yana kwarara cikin inji. Muka taho a hankali, ƙamshin suya yana bin mu.

Ƙauyenmu, tara saura minti goma

Inna na tsaye a ƙofar gida, ta rame har na kusa kasa gane ta.

"Hamisu, tun daga bakin gari nake jin ƙamshi. Na ce yaron nan ƙosai ya kawo mana?"

Na gaya mata gaskiya, kaina a ƙasa. Ta karɓi jarkar, ta ce a sauke iri. Muka yi ta shuka har magariba. Da aka kawo tuwo, sai na ga maiƙo yana kewaya a kan miyar kuka. Ashe kifa jarkar ta yi a kan kwano yini guda, ta tara cokali ɗaya, kuma a kwanona ta zuba shi.

Komawa

Washegari mai injin niƙa ya sam mana baƙin mai, ɗigar ta ragu. Ƙarfe huɗu na yamma muka shigo Matameye. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Ilu, wanda ban sake yi wa gardama a kan mota ba.

Hajara ta tare ni a zaure.

"Inna ta ji daɗin man?"

"Ko ɗanɗana shi ba ta yi ba," na ce. "Ni da motar muka shanye."