Tormod da Lambar Gidan Ishbel

"Kin kashe ta, Kirsti! Da bakinki kika ce su kashe ta!"

"Mama, don Allah ki saurare ni. Sun aiko da sabon akwati, na ce to tsohon layi kuma na mene ne? Wa ya gaya mini lambar za ta bi shi?"

"Da kin tambaya! Ga Tormod nan kullum yana zaga garin nan, bakinki ciwo yake?"

Ni Dolina ina zaune a kicin ɗin maƙwabciyata Ishbel ranar Juma'ar nan. Aron sukari na zo, kuma tunda ba wanda ya ce in tashi, ban tashi ba. Da wannan faɗan na uwa da 'ya zan buɗe jinjinar da na yi niyyar yi wa Tormod mai waya a 'yar jaridar garinmu, tunda mun ji bana zai ajiye aiki. Ban yi nisa a makaranta ba, wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Kowa a tsibirin nan ya san farar motar Tormod. Da sassafe take wucewa ta bayan coci, tsani a samanta, shi kuma yana ciki da hularsa wadda ta girmi Kirsti. Tun muna da sauran haƙora yake hawa falwaya cikin iska da ruwa don kada muryarmu ta yanke. Yanzu kamfani ya ce tsofaffin wayoyi sun gaji, kowace lamba sai ta ƙaura ta koma intanet, ta wani ɗan akwati mai ƙyafta ido. Shi aka ɗora wa wannan ƙaura, gida gida.

Daren da zai zo gidana washegari ban yi barcin kirki ba. Na ce masa, "Tormod, an ce abin da ya shiga intanet duk duniya na ji. Ni kuma ka san ina ɗan taɓa hira."

Ya ce, "Goggo Dolina, ai naki duk duniya ta riga ta ji tun babu intanet."

Mara kunya. Amma bai taɓa mini tsohuwar wayata mai igiya ba, sai ya laƙa ta a bayan akwatin, ya sa mini batir saboda ɗaukewar wuta, ya tsaya har na kira mutum uku na tabbatar. Haka ya yi wa gwauruwar nan ta bakin gada mai rataye maɓallin neman agaji a wuya. Ba a sa shi ba, ya ce ta danna a gabansa, ashe abin ya daina magana da sabon layin. Bai bar gidan ba sai da ya yi magana. Kai ne, Tormod, ka san tsohuwa ba waya take tsoron rasawa ba, tsoronta ta faɗi a ɗaki ba mai ji. Kuma a kowane gida magana ɗaya kake nanatawa: kada kowa ya rufe tsohon layi sai lambar ta gama tsallakawa. Kirsti a birni take aiki, ba ta ji ba.

To ga abin da ya sa Ishbel ihu. Mijinta Hektor yana gidan kula da tsofaffi a can ƙetaren ruwa, ƙwaƙwalwarsa ta tafi. Idan ta shiga jirgi ta je dubiya, kallonta yake kamar ta zo sayar masa da wani abu. Idan ita ta kira shi, sai ya ce wa nas a gaya wa matar nan shi mai aure ne. Amma kullum lokacin shayin yamma zai taka zuwa wayar da ke baranda, yatsansa ya buga lambar gidansa ba kuskure, ya ce, "Ishbel, kin ɗora dankali?" A wannan kiran kaɗai yake da mata, ita ma a nan kaɗai take da miji.

Ranar Juma'ar ya buga, wata muryar inji ta ce masa babu wannan lamba. Ya sake bugawa, haka dai. Nas ta kira wayar hannun Kirsti ta ce ya ƙi abinci, ya juya fuska bango, yana cewa an rufe gidansa, Ishbel ta mutu an ɓoye masa. Suka sa masa muryarta ta wayar hannu, ya ture.

Kirsti da kanta ta je ta samo Tormod, idanunta jawur. Bai ce mata komai a kan abin da ta yi ba, na so ya ce, bai ce ba. Wunin Asabar a kujerar Ishbel ya yi shi, waya a kunne, ana tura shi daga wannan ofis zuwa wancan, ana sa masa kiɗa. Fargabarmu ita ce lambar ta shige rumbun kamfani ta ɓace, wata rana a ba wa mai sayar da taya. Ishbel sai goge teburin da yake a goge take yi. Can da yamma aka ce masa an kamo ta, za ta sauka a sabon layi washegari, amma sai wani ya zo ya daidaita akwatin da hannu.

Washegari kuwa Lahadi. A garin nan ko wanki ba a shanyawa ran Lahadi, kuma Tormod shi ke ja mana zabura a coci. Tsawon aikinsa ba a taɓa ganin motarsa ta motsa a ranar ba, ko da iska ta kayar da falwaya.

Motar ba ta motsa ba. Amma ni labulena yana da 'yar kafa, kuma bayan an taso daga coci na ga mutum cikin baƙar kwat yana bi ta bayan gidaje, ta cikin tumakin Ishbel, yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe. Nan take na tuna ban mayar da sukari ba.

Na tarar da Tormod durƙushe a bayan kabad ɗin Ishbel, wurin akwatin. Ishbel na tsaye kansa tana murza hannu.

"Tormod, yau fa Lahadi."

"Na sani, Goggo. Riƙe mini fitilar nan."

Ya gama, ya ɗaga kan wayar, muka ji ƙugin nan nata. Sai jira. Shayi ya huce a gabanmu. Lokacin kiran ya zo ya gota. Kirsti ta ce ƙila Baba ya fid da rai, ƙila yatsan ma ya manta, uwar ta ce ta rufe mata baki. Tormod yana zaune da hula a gwiwa, yana kallon ƙasa, leɓensa na motsi.

Da wayar ta yi ƙara, Ishbel ta kusa faɗuwa kafin ta kai. Har inda nake ina jiyo Hektor.

"Ke Ishbel! Gidan uban wa kika tafi? Mutum na ta kira!"

"Ina nan, Hektor. Ina nan, ban je ko'ina ba."

"To ki gaya wa mutanen nan su ba ni abinci, yunwa za ta kashe ni."

Kai ne ka yi wannan, Tormod, da kwat ɗinka ta coci da kashin tumaki a takalmi. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma samarin da za a turo mana bayansa, ku koya: ku zauna ku sha shayin, ku tambayi tsohuwa wa ke kiranta kafin ku taɓa mata waya. Don hankalinmu bai kwanta ba. Hunturu na tafe, batirin nan ba ya kai wuni, kuma ban san wa zai ratso tumaki dominmu ba idan wuta ta ɗauke lokacin shayi.

Jiya na kira shi gidana na karanta masa wannan kafin in kai jarida. Ya saurara har ƙarshe, kunnuwansa sun yi ja.

"Cire zancen Lahadin nan, Goggo."

"Ba zan cire ba. Fasto ma zai ce aikin jinƙai ne."

"Ba fasto nake ji ba, matan sahun gaba na coci nake ji. Da wane ido zan tsaya in ja zabura?"

"Da wanda ka ga ramukan bayan akwatin Ishbel da shi. Hektor ya ci abinci ko bai ci ba?"

"Wa ma ya gan ni in ba ke ba?"

"Ai shi ya sa. In na mutu da shi a ciki, wa zai faɗa?"

Ya miƙe, ya kifa hularsa. "Da na sani, da naki layin na bari ya mutu!"

Ya fita ya buga mini ƙofa, har kofunan kan kanta suka amsa.