Tatsuniyar da Na Katse wa Binta

Ku matso nan, ku ajiye wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba ta kura ba ce, ba ta dodo ba. Tawa ce, kuma ba ni ce mutuniyar kirkin cikinta ba.

Gidanmu na Ƙofar Jatau, wannan da yanzu aka yi wa bulo da rufin kwano, a lokacin na ƙasa ne. In an idar da sallar isha'i, kakarmu Iya takan sa a kwaso mata garwashin tuwo a kasko, ta miƙe ƙafa, ta ɗauki mazarinta tana kaɗi. Mu jikoki mu kewaye ta, iyayenmu mata na gefe suna ɓarar gyaɗa, suna yi kamar ba sa ji. Gefen hagunta wurina ne. Ni ke miƙa mata auduga, ni ke cin ƙanzon da take ɓoyewa ƙarƙashin faifai, ni ke fara amsawa in ta buɗe baki. Shekarata tara, na ɗauka haka duniya za ta zauna.

Sai aka kawo Binta.

Binta 'yar Gwaggo Saude ce, yayar babana, wadda aka aurar a Giwa. Gwaggo ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Bayan arba'in uban ya kawo Binta riƙo wurin Iya, da ƙullin kayanta a ka, shekararta bakwai. Gwaggo Saude ita ce 'yar farin Iya, Iya kuwa mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari take yi ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce “mutuniyar Giwa.” In Gwaggo ta zo ganin gida, Iya takan amsa gaisuwa fuska a juye, ta shige ɗaki. Ranar da aka aiko da rasuwar ma, ina tsaye, ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Ta ce, “Allah Ya ji ƙan Musulmi,” ta ci gaba da jan tasbaha.

Daren farko Iya ta dube ni ta ce, “Ladi, matsa wa ƙanwarki.”

Na ce, “Ga wuri can dama.”

“Dama mazari ke juyawa. Matsa, sarauniyar baki.”

Na matsa. Ƙanzon ma aka raba biyu. Na auna da ido, nata ya fi.

A daren nan Iya ta ɗauko wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Babu kura, babu aljani, babu ko waƙa. Wata yarinya ce kawai. Muka ce, “Iya, yaya sunanta?” Ta ce, “Yarinya dai. Ku za ku raɗa mata?”

Wai yarinyar tana da wata baƙar akuya mai hawan ganuwa. Ran nan da damina ta bi ta sama, ƙafa ta zame, ta faɗo, haƙorinta na gaba ya karye. Don kada a yi mata faɗa, ta yi kwana bakwai ba ta yi dariya ba, tana tauna da gefen baki. Uwarta kuwa ta gani tun ran farko, ba ta ce komai ba. Amma kullum da asuba yarinyar kan tarar da kunu mai ɗumi a bakin ƙofa. “Har ta girma,” in ji Iya, tana murza mazari a hankali, “ba ta san wanda ke damawa ba.”

Tatsuniyar ba ta ƙare a daren ba. Gobe aka ɗora, jibi aka ɗora. Yarinya ta iya saƙar faifai. Yarinya ta gagari 'yan matan unguwa a filin gaɗa. Ranar da aka kai ta gidan miji uwar ba ta fito ba, ta laɓe bayan zana tana leƙe ta kafa har masu rakiya suka ɓace mata.

Ni kam tun dare na uku na gane. Na sha ganin Gwaggo Saude tana dariya da hannu a baki, kuma na taɓa jin babana yana ba da labarin akuyar. Daga nan abin da ke cina ya wuce na wurin zama. Muryar Iya ce ta sake. Ƙasa-ƙasa take magana, idonta a kan kitson Binta, mu sauran kamar 'yan rakiya. Shekara nawa ina miƙa mata auduga, ba ta taɓa yi mini wannan muryar ba. Allah Ya yafe mini, har na taɓa tambayar kaina, da tawa uwar ce ta mutu, ni za a yi wa?

Wajen kwana goma sha biyu muna haka, tatsuniya ta kai inda yarinya ta haihu, ta dawo gida wanka. Iya ta ajiye mazari, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora hannu a kan Binta. Ta ce, “Da rana tsaka, mutanen gida sun tafi wani suna a unguwa, sai uwar ta shiga ɗakin a hankali. Ta tarar 'yarta na barci, jaririya a gefe. Ta durƙusa, ta kai bakinta kunnen 'yar tata, ta ce mata...”

Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Wannan ai ba tatsuniya ba ce! Gwaggo Saude ce, mai karyayyen haƙori! Uwar kuma ke ce, Iya!”

Hannayen masu ɓarar gyaɗa suka tsaya. Uwata ta ce, “Ke Ladi! Rufe mana baki!” Amma na riga na faɗa, gaban surukan Iya, gaban jikokinta. Iya ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, “Ku tashi. Wuta ta mutu.”

Garwashin kuwa jajir yake.

Da safe muna wanke-wanke a bakin rijiya, ni da Binta. Ina so in nuna taimakonta na yi, na ce, “Ke wawiya ce? Ba ki gane uwarki ake faɗa ba?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Yaya Ladi, haƙorin uwata ne fa. Tun daren akuya na sani.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“In na faɗa, ai dainawa za ta yi.” Ta ɗauraye ƙwarya, ta kife. Sannan ta ce, “Da kin bari ta faɗi abin da ta ce mata, sai ki yi.”

Daren nan Iya ta koma tatsuniyar kura. Ta ce kowa ya zauna inda ya ga dama, na koma hagunta, ba wanda ya hana ni. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, “Iya, ina yarinyar nan?” Ta ce, “Wace yarinya? Na manta.”

Sai da na haifi nawa ɗan farin, sunansa ya gagari bakina, yana zazzaɓi ina zagaye ƙofar ɗakin kakarsa na kasa shiga, sannan na san abin da na yi. Iya ba ta da hanyar yi wa 'yarta kuka, ba ta da hanyar gaya wa marainiya wace ce uwarta, sai ta bayan tatsuniya. Muddin ba a ambaci suna ba, tana iya faɗin komai. Yarinya 'yar shekara bakwai ta gane haka, ta kama bakinta. Ni mai tara na kasa. Kuma tunda gaskiya na ɗauko, bari in ƙarasa ta: wannan hankalin nata ma na yi mata hassadarsa, na daɗe ina yi.

Iya ta rasu bayan shekara huɗu. Da ciwo ya tsananta ta ce a kira mata Binta, aka ja musu ƙofa, ni ina waje riƙe da buta. Da Binta ta fito na tare ta, na ce, “Ta faɗa miki?” Ta girgiza kai, ta ce, “Ƙafa kawai ta ce in matsa mata.”

Binta ta yi aure a Tudun Wada, ta haifi shida, ta tsufa a gidan ɗanta a Kongo. Duk sallah ita ke fara zuwa gaishe ni, ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Bara ta rasu, ni na yi mata wanka. Uwata kuwa Allah Ya ba ta tsawon rai, sai da ta goya jikokina. Shekara sittin ina da uwa, ina shiga ɗakinta duk lokacin da na so. Ni ce kuma na kasa bar wa marainiya dare ɗaya.

Nan tawa ta tsaya. Ku tashi ku kwanta.