Iklima da Hanyar Motar Albasa

Iklima Hamidu lauya ce a wani ƙaramin banki da ke Sabon Garin Jega. Kullum da safe takan hau mota daga Aliero, ta wuni tana karanta yarjejeniyoyin da masu sa musu hannu ba su taɓa karantawa ba, ta koma gida kafin magariba. A gida ana ce mata Barista idan akwai baƙi. Idan babu, a ce ta duba tukunya.

Mahaifinta, Alhaji Hamidu, albasa ce sana'arsa tun kafin a haife ta. Yana nomawa, yana saye, yana ajiyewa a rudu, wato rumfar karan da albasa ke shan iska a kai har ta yi daraja, sannan ya loda wa tirela a yi Kudu da ita. Albasar nan ce ta kai Iklima makarantar lauyoyi, amma bai taɓa tambayar ta abin da aka koya mata ba. Yakan dai tambaye ta ko ta ci abinci.

Bara ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin dokokin banki, jami'o'i biyu suka ɗauke ta, ɗaya a Sakkwato, ɗaya a Ibadan. Ibadan take so. A can ne akwai wata malama da ta ƙware a kan bankin da ba ya karɓar ruwa, kuma wannan ce tambayar da manoma ke yi mata a ofis tun kafin su zauna. Sai dai babu tafiya sai da yardar Alhaji, shi kuwa idan ya ce a'a sau ɗaya, ba ya ganin amfanin maimaitawa.

Ta fara da neman mai sa baki. Ta je Liba, can ƙasar Maiyama, wurin Gwaggo Gudiya, yayar mahaifinta.

"Gwaggo, ke kaɗai yaka jin maganarki," in ji Iklima.

"Ibadan?" Gwaggo ta ajiye ludayi. "Ke ɗiyar ga, karatun ga naki bai da gindi ne? Hamidun da bai bari kinka kwana gidan biki nan Jega ba, shi za ya bar ki ki tahi ƙasar Yarbawa? Ki kama Sakkwato ki gode ma Allah. Ungo hura, sha."

Iklima ta dawo da fura a ciki, babu mai sa baki. Sai ta shirya kamar mai shiga kotu. Ta tsara hujjoji, ta tanadi amsar duk abin da Alhaji zai iya cewa a kan nisa da tsaro da zaman mace a baƙon gari. Ta gwada su a gaban mahaifiyarta, Inna Uwani, wadda ta saurara har ƙarshe tana tsince wake, ta ce ta tsakiyar ta fi daɗin ji. A ranta Iklima ta riga ta fara rarrashin kanta da cewa Sakkwato ma gari ne.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta same shi a gindin rudu yana ware ruɓaɓɓu. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, jami'a biyu sunka ɗauke ni, Sakkwato da Ibadan. Na san Sakkwato nan take ƙohwar gida, amma..."

"Wa kinka sani Sakkwato?" Bai ko ɗago ba.

Wannan tambayar ba ta cikin waɗanda ta tanadar wa amsa.

"Ni dai ban san kowa ba," ya ci gaba. "Wa ka kai albasa Sakkwato? Su ma suna da tasu. In kinka yi zazzaɓi can, wa za ni tambaya? Hwalwayar lantarki? Ibadan kuwa Alhaji Lukman na nan, mai masaukina tun ban auri uwarki ba. Na kwana ɗakinshi, ya kwana nawa. Matarshi Hajiya Salima har sunanki ta sani. Ga motar Altine direba na tashi duk mako."

"Baba, akwai kuma wata malama da ta..."

"Allah shi ƙara mata ilimi. Miƙo man buhun can."

Ta miƙa masa buhun. Ta girma tana ganin Alhaji Lukman yana sauka a gidansu duk kakar albasa, har tana kai masa ruwan alwala, amma bai taɓa shiga lissafinta ba. Ita ta auna tafiyar da awannin mota. Alhaji kuwa, kamar sauran fataken Aliero, ba ya aika ko buhu ɗaya garin da ba shi da wanda zai karɓa, balle ɗiya.

Nan take ya kira Ibadan, ya buɗe muryar waya. Suka daɗe a kan farashin buhu, sannan ya ce, "Af, ɗiyarka Iklima na nan tahe karatu." Alhaji Lukman ya ce ɗaki yana nan, sai dai a sanar da ita cewa miyar gidansa akwai yaji.

Da labari ya kai Liba, Gwaggo Gudiya ta ce ita dama ta san haka za a yi.

Yanzu Iklima tana zango na biyu, tana rubutu a ƙarƙashin malamar da ta so. Duk mako Altine direba yana sauke mata rabin buhun albasa, ba ta taɓa nema ba, ba ta kuma isa ta mayar ba. 'Yan ajinsu sun daina sayen albasa, malamar ma haka.

Hujjojin nan dai suna nan sababbi. Ranar da za ta tafi ta so ta faɗa masa ko da ta tsakiyar ce, don kada wahalarta ta tafi a banza. Alhaji ya saurara kaɗan, yana kallon yadda ake ɗaure tamfol a kan kaya, sannan ya tambaye ta ko ta ci abinci.