Babban Yatsan Abdulbaƙi

Duk mai sayen kifin banda a Lagdo ya san Abdulbaƙi, in bai san sunansa ba ya san tarinsa. Tun yana saurayi yake tsaye a kan murhun banda. Da hannu yake juya tarwaɗa da karfasa a kan waya mai zafi, babban yatsa a ƙasa, wai ƙarfe yana fasa fatar kifi. Ni ma a wurinsa nake saro nawa in kai kasuwar Garwa.

Shekarar da tarin ya fara zuwa da jini, likita ya ce masa ya zaɓa, ko hayaƙi ko rai. Magidanci ne, ba gona, ba boko, ina za shi? Sai ya je wurin Théodore, wani makaɗin jita a Garwa da ke da ƙungiyar wasa a bukukuwa, wanda mai kaɗa masa jita ta biyu zai bar gari bayan damina. Théodore ya ce in ya iya kafin nan, gurbin nasa ne. Muka yi ta tsokanarsa, wai gemu ya fito sannan za a koyi kiɗa. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba, don ba shi da wata ƙofar.

Akwai wani farcen roba da makaɗa ke sawa a babban yatsa don bugun tsirkiya. Abdulbaƙi ya gan shi, ya tambaya.

"Ba yanzu ba, mon frère, ɗan'uwana," in ji Théodore. "Sai naman yatsa ya san tsirkiya tukuna."

Dokar ba ta da laifi ga mai yatsa. Amma na Abdulbaƙi wuta ta gama da shi tuntuni, ya zama kamar kofato, ko allura ka soka ba ya ji. Bai faɗa ba. Wai ba a musu da malami, Metir kamar yadda yake kiransa, kuma abin kunya ne namiji ya ce hannunsa ya mutu. Har yau haushin wannan kunyar nake ji.

Damina guda yana fama. Yatsan ya tsallake tsirkiya, ko ya fizgi biyu a tare. Matarsa Hawa'u ta ce min ta same shi a bayan murhu yana cizon yatsan yana hawaye.

Ranar gwaji ya buga, ya ɓata, ya sake, ya ɓata. Théodore ya kama hannun, ya danna farcensa a kan yatsan da ƙarfi.

"Ka ji?"

"A'a, Metir."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in yi aure."

Théodore ya zaro robar daga aljihu ya sa masa. Bugun ya ratsa har ƙashi, karon farko Abdulbaƙi ya san inda tsirkiya take, sautin ya fito tas.

"Irinka ranar farko ake ba wa," in ji Théodore. "Me ya hana ka magana?"

Sai dai sabawa da robar ma watanni take ci, ga bukukuwa sun taso. Aka ba wani makaɗi mai suna Junior gurbin.

Washegari na je saro kifi, na tarar Hawa'u ta hura murhu da kanta, tana roƙonsa ya zauna. Kifin da ta juya duk fatar ta saɓule. Ya dube shi, ya dubi 'ya'yansa, ya miƙe.

"Kifi ba ya jira, Hajiya," ya ce min, ya shiga cikin hayaƙin.