Ƙarfen da Ya Iso a Makare

A unguwar Bolari in ka ce Malam Hudu sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Hudu Fijo, har mai sayar da rake zai nuna maka rumfarsa. Ɗan makiyaya ne. Shekarar da cutar bushiya ta share garken mahaifinsa yana saurayi, ya hau motar auduga ya shigo Gombe, ba shi da kowa sai wani kawu mai gadi. Kawun ne ya kai shi gareji. Ya fara da wanke noti a cikin fetur, har ya zama wanda ake nema in Fijo ta ƙi tashi. A lokacin ita ce motar gari, ita ce ta ma'aikata, ita ce ta haya. Da aikinta Hudu ya yi aure, ya gina ɗan gidansa, ya aurar da 'ya'ya.

Sai zamani ya juya. Motocin Japan suka cika titi, bayansu masu kwamfuta suka zo, waɗanda sai an jona musu na'ura kafin a san ciwonsu. Hudu ya gwada koyo, abin bai shiga kansa ba. Waɗanda ya koya wa aiki suka watse, yawancinsu suka koma gyaran keke Napep. Rumfar ta koma daga shi sai benci da akwatin sifanu.

Mota ɗaya ta rage masa, ta Alhaji Abdulrazak, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a unguwar Malam Inna. Fijo 403 ce mai ruwan toka, wadda Alhaji ya saya hannun wani malamin makaranta Ba'indiye da zai koma ƙasarsu. Ko a wancan lokacin tsohuwa ce. A cikinta ya ɗauko amaryarsa, a cikinta ya kai ta asibiti ranar da ba ta dawo ba. Duk Juma'a yakan tuƙa ta a hankali zuwa masallaci, in an sauko ya biyo ta Bolari, ya buɗe wa Hudu bonet ko da ba abin da ya same ta. Su zauna a benci suna hira har la'asar. Hudu bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma ranar Juma'a kaɗai yake jin shi bakanike ne har yanzu.

Wata Juma'a cikin zafin bazara motar ta iso tana tururi. Hudu ya kwance famfon ruwan injin, ya tarar kwansonsa ya tsage, ƙarfen ya zaizaye ya yi laushi kamar ɓawon gyaɗa. Ya kai wa mai walda, wuta na taɓa shi ya ƙara fashewa. Ya aika Jos, ya aika Kano, ya sa aka duba masa Kaduna da Legas. Wasu suka yi dariya a waya, wani ya ce rabon da ya ji sunan motar nan tun yana firamare. Aka ja ta da igiya zuwa gidan Alhaji, aka lulluɓe ta a gindin dalbejiya.

Suwaibatu, 'yar Alhaji, malamar jinya, ita ta kawo shawara.

"Bappa Hudu, akwai wata ƙawata Joan a Tumfure. Injiniya ce. Tana da na'urar da ke ɗaukar surar abu ta kowane ɓangare, da wata da ke ƙera irinsa sak."

"Ƙera ƙarfe? Ba wuta ba maƙera?"

"Ka dai je ka gani."

Ya naɗe ɓaraguzan a tsumma ya hau keke Napep, aka yi ta tafiya har gidaje suka fara cakuɗa da gonaki. Shagon Joan ɗaki ne guda mai fanka, da wani akwatin gilashi a kusurwa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce sai an haɗa gutsattsarin kafin a ɗauka. Hudu ya zauna ya jera su da gam, kowane a mazauninsa. Ta ɗora a kan wani faifai mai juyawa, ta haska masa fitila. Sai ga kwanson ya fito a allon kwamfuta yana jujjuyawa, har da tsatsarsa.

"Baba, na'urar ta kwafo har da ciwon," in ji Joan. "Ni ban san yadda yake da lafiyarsa ba. Ka nuna mini inda ya cinye, ni kuma in cike."

Ya nuna da ɗan yatsa, ita tana gyarawa. Sun yi kwanaki a haka. Ranar da akwatin gilashin ya fara aiki, Hudu ya tsaya yana kallon wani ɗan baki yana zuba zaren roba, layi bisa layi, abu na tasowa daga babu. Ana tsakiya aka ɗauke wuta, aikin ya lalace, aka sake daga farko. Da ya kammala, Hudu ya riƙe shi yana juyawa, ya ce, "Ikon Allah."

Joan ta yi masa bayani cewa roba ba za ta jure zafin inji ba, samfuri ne kawai. Suka kai wa masu zubin tukunyar dalma, suka danna shi a yashi suka zuba narkakken ƙarfe. Ya fito da kyau a ido. Hudu ya goge, ya huda ramukan noti, ya ɗaura. Motar ta tashi. Alhaji ya fito da sandarsa ya dafa ƙofarta yana murmushi, ya ce a zagaya da shi unguwa. Ba su kai bakin titi ba ruwa ya fara tsattsafowa ta jikin sabon ƙarfen, ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Suka turo ta gida.

"Saura hanya ɗaya," in ji Joan. "In tura surar Legas, akwai masu injin da ke ƙerawa da garin ƙarfe kai tsaye. Amma layi ne, sai an yi haƙuri."

Alhaji ya ce a tura. Da Hudu zai tafi ya riƙe masa hannu.

"Malam Hudu, ba wani wuri nake son zuwa ba. Juma'a ɗaya nake so in ƙara yi a cikinta."

"Za ka yi, Alhaji, da yardar Allah. Har Bolari."

Damina ta sauka, saƙo bai zo ba. Aka ce garin ƙarfen ya ƙare sai an shigo da shi, aka ce injin ya tsaya. Hudu kan je Malam Inna ya yaye tamfol, ya juya injin da hannu don kada ya kame, ya kori ɓeraye daga kujeru. Da farko Alhaji kan fito ya zauna yana kallo. Daga baya sai ta taga. Daga baya sai Suwaibatu ta leƙo ta ce yana barci.

Ya rasu ana girbin gero. Hudu na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Da aka zo rabon gado, motar ta shiga cikin dukiya. Magada na da yawa, kuma ba wanda zai sayi motar da ba ta tafiya sai 'yan gwangwan. Suwaibatu ta roƙi a bar mata ita a kasonta, 'yan'uwanta maza suka ce filin da motar ke tsaye ma an sayar, ita kuma gidan haya take. Labarin bai iso kunnen Hudu ba. Ya zo da safe kamar yadda ya saba, ya tarar da gindin dalbejiya wayam, sai tabon baƙin mai a ƙasa.

Suwaibatu ta fito tana share hawaye. "Bappa, na kira ka jiya, wayarka ba ta shiga."

Ya bi sawu har filin 'yan gwangwan. Sun riga sun yanka ta da wuta. Ya gane ƙofa ɗaya a jingine, ya gane sitiyari. Injin kuwa an farfasa shi da guduma don raba dalma da baƙin ƙarfe. Mai wurin ya ga dattijo ya daɗe a tsaye, ya ce, "Baba, ko akwai abin da kake nema?" Hudu ya girgiza kai ya juya.

Bayan 'yan makonni Joan ta zo rumfarsa da kanta, riƙe da ƙaramin kwali. Ta riga ta ji labari. Ta ajiye a benci. Hudu ya buɗe. Kwanson ne, sumul, mai nauyi, ba tabo ko ɗaya. Ya sa yatsa ya bi bakinsa, ya leƙa ramukan noti.

"Daidai yake," ya ce. "Da ya zauna."

"Baba, ka yi haƙuri. Da na matsa musu..."

"Ba laifinki ba ne, 'yata. Kin yi abin da ban taɓa zaton ana yi ba."

Ta ce masa ai surar na nan a kwamfuta, duk mai irin motar a duniya za a iya ƙera masa. Ta kuma roƙe shi ya riƙa kawo mata tsofaffin kayan Fijo suna ɗauka suna adanawa. Ya je Tumfure na ɗan lokaci. Amma duk mai tsohuwar Fijo da suka tuntuɓa sai ya ce tasa ta daɗe da tafiya wurin 'yan gwangwan, kuma tafiyar keken tana tayar masa da ciwon baya. A hankali ya daina zuwa. Kwanson ya bar wa Joan, ya ce ta ba wanda ya zo nema. Har yau ba wanda ya zo.

Bara ya sallama rumfar ga wani mai cajin waya. Yanzu yana zama a ƙofar gidansa, da 'yan galan na man inji a kan tebur, matarsa Fanta na miƙo masa abinci ta zaure. Idonsa na dama ya fara yana. Suwaibatu ta ce za ta kai shi a duba, ya ce ta bari sai bayan salla. Sallar ta wuce, bai je ba.