Rumbunan Waƙoƙin Mai Ɗakina

Mai ɗakina ma'aikaciya ce a wata ƙaramar rediyon gari a Agye, ni kuma ina karantarwa a lakol, wato makarantar boko. Ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya gare mu a gida, tsohuwa, wadda sai an jingina mata bulo kafin fuskarta ta tsaya. Da ita take zuwa aiki, a cikinta take tara waƙoƙin shirye-shiryenta, a cikinta yara ke zuba nasu na wayar salula, ni ma karatun malamai da nake saurare yana nan ciki. Duka sun cakuɗe wuri guda.

Wata rana da hantsi tana karanta sanarwar rasuwa a rediyo, ta sa kiɗan gurmi mai sanyi yana tafiya a ƙasa. Da kiɗan ya ƙare, sai ordinatar ta tsallaka da kanta zuwa wata waƙar biki da ɗiyarmu ta zuba. Ta yi sauri ta kashe, amma gari ya riga ya ji. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Da ta je Maradi, wani mai gyaran ordinatar ya nuna mata cewa abin da take kunna waƙa da shi yana iya riƙe ma'ajiya fiye da ɗaya, kowace ba ta ganin 'yar uwarta. In za ka buɗe shi sai ka danne wani maɓalli, ya tambaye ka wacce kake so. Ta dawo tana murna, ta ce mini, "Malam, ashe rumbu ne. Gero daban, wake daban."

Damina guda ta yi tana wannan aiki. Bayan la'asar za ta shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro, ta sa abin kunne, ta bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu ba su da suna, lambobi ne kawai. Sai ta saurara ta gane mai waƙar, ta rubuta garinsu da irin waƙar, ta noma ce ko ta daka ko ta gaɗa. Wadda ta shige mata duhu, ta kira wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ji mata. Ta yi rumbun rediyo, ta yi na gida inda ni da yara muke bidirinmu. Na uku kuwa na muryoyin da take ɗaukowa da kanta a ƙauyuka ne, kuma babu abin da ke fita daga cikinsa zuwa na rediyo sai mai muryar ya yarda.

Ranar kasuwar Gangara takan je ɗaukar irin waɗannan muryoyin. Can ta haɗu da wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda aka ce a ƙuruciyarta babu mai kama ta a waƙar niƙa. Tsohuwar ta yi mata waƙoƙi a tsakar gidanta, tana yi tana dariya. Da za su rabu sai ta ƙara wata, wadda ta yi wa mijinta shekarar da ya rasu. Da ta gama ta share ido da bakin zane, ta ce, "Ɗiyata, waɗancan ki sa kowa ya ji. Wannan kuwa ki ajiye mini, kada ta shiga rediyo."

"Na ji, Inna. Ba za ta shiga ba."

Ni na ji waƙar a gida, kuma har yau ban ji kamarta ba. Direktan rediyonsu ma ya ji ta wata rana da ya shigo buro, wato ofishinsu, tana gyara sautin. Ya tsaya har ta ƙare, ya ce lalle a buɗe shirin mata da ita. Mai ɗakina ta ce a'a. Ya ce tsohuwar ƙauye ina za ta sani, wataƙila ko rediyo ba ta da ita. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko ba ta sani ba, ni na sani." Ya yi fushi na 'yan kwanaki. Ni kaina na ce mata ta koma ta roƙi tsohuwar, ko za ta sake shawara. Ta ce wadda ta yi kuka gabanka ba ka komawa ka sa ta jin nauyinka.

Bayan shekaru tsohuwar ta rasu. Da aka share makoki, wani ɗanta da ya daɗe yana aiki a Libiya ya zo gidanmu, don an gaya masa akwai muryar uwarsa wurin matar rediyo. Bai samu jana'iza ba. Mai ɗakina ta buɗe rumbu na uku, ta rubuta Gangara, nan take waƙoƙin suka jeru. Ta sa masa na niƙa, yana murmushi yana gyaɗa kai. Sannan ta gaya masa akwai wata da uwarsa ta ba ta ajiya, ta miƙa masa abin kunne, ta ja ni muka shiga ɗaki muka bar shi.

Da muka fito idonsa ya yi ja. Ya ce bai taɓa sanin ta yi wa babansu waƙa ba. Ta zuba masa duka a katin salularsa, ta tambaye shi mi yake so a yi da waccan ɗin yanzu.

"Ki bar ta yadda ta ce," in ji shi.

Na kawo masa fura. Ya sha kaɗan, ya roƙi a sake sa masa waƙar kafin motar Gangara ta tashi.